Lambar da Toka ta Cinye

A tashar masu babur ɗin Randagi da ke Birnin Gwari, wani dattijo ya ƙura wa maƙullan wata mata ido. Akwai lambar yabo ta soja rataye a jikinsu.

"Baiwar Allah, wannan ta yaƙin Laberiya ce. Ta wa ce?"

"Ta mahaifina, Kyaftin Benjamin."

"Miƙo in duba gefenta. Kai, ina sunan? Da me kike goge ta?"

"Da toka da lemun tsami, duk Asabar."

"To, kin cinye sunan. Lambar da ba suna ai ƙarfe ce kawai. Ina da arba'in da ɗaya a gida, kowacce na rubuta tarihin mai ita, bataliyarsa da inda ya yi yaƙi."

"A ina ka samo su, Baba?"

"'Ya'yansu suka sayar mini."

"Ai lambar da aka sayar ce ke bukatar suna a jiki. Ranar da 'yan bindiga suka kore mu daga ƙauye, na bar rumbun dawa, na ɗauko wannan. Ba sai ƙarfe ya faɗa mini sunan ubana ba. Kai fa, naka uban bai bar maka lamba ba?"

Dattijon ya juya lambar a hannunsa.

"Na sayar ina saurayi. Shi ya sa nake duba gefen kowacce."

Matar ta karɓi maƙullanta, ta hau babur.

"Allah ya haɗa ku, Baba. In ka same ta, ka riƙa goge ta."