Sunaye a Takardar Naɗe Tortiya

EULALIA: Alo? Ofishin mujalla, wa ke magana?

NICANOR: Doña Eulalia, Nicanor ne na maɗaba'a. Ina wuni?

EULALIA: Lafiya lau, Don Nicanor. Ya ƙafar?

NICANOR: Da sauƙi. Ya maigidan da jikoki?

EULALIA: Ƙalau. Ya uwargida Remedios?

NICANOR: Tana kasuwa, tana ta... alo? Kina jina?

EULALIA: Kamar daga cikin rijiya!

NICANOR: Wayar bakin titi ce, tamu ana saurare.

EULALIA: To ɗaga murya. Takarda ta iso?

NICANOR: Ina fa! Mutumin ma'aikatar takarda ya zo da kansa, takalmi sai ƙyalli. Wai takarda na nan jibge, amma sai mun cire shafin sunayen malaman da sojoji suka kwashe a jihar Guerrero.

EULALIA: Ko ɗaya ba zan cire ba! Uwar Efraín, ɗaya daga cikinsu, akuyarta ta sayar ta hau mota, don ta ga sunan ɗanta a rubuce. Mu buga waƙoƙin soyayya kawai, kamar ba a taɓa haifarsu ba?

NICANOR: Kwantar da hankalinki, ai na buga.

EULALIA: Ka buga? A kan me, bayan rigarka?

NICANOR: Takardar naɗe tortiya, gurasar masarar nan. Remedios ta bi shagunan ƙawayenta ta kwaso. Kwafi dubu cif.

EULALIA: Mai kaushin nan? Wayyo, marubutana za su suma!

NICANOR: Su suma su farfaɗo. Tawada ta zauna daram.

EULALIA: Ka san gobe 'yan sanda za su kwashe mujallar daga shagunan littattafai.

NICANOR: Su kwashe mana. Shafin sunayen kaɗai na ƙara buga dubu biyar, na mayar wa matan. Tun tsakar rana da shi suke naɗe wa mutane tortiya.

EULALIA: Nicanor! Wa ya ba ka izini?

NICANOR: Ke mana. Shekara goma kina kukan farfesoshi kaɗai ke karanta mu. Yau har matar kwamandan 'yan sanda ta sayi kilo biyu.

EULALIA: Kai, Allah ya shirye ka! Uwar Efraín fa?

NICANOR: Ga ta nan a gefena. Ba ta iya karatu ba, sai na ɗora mata yatsa a kan layin. Har yanzu ba ta ɗauke ba. Tana son gaishe ki, amma kuɗin da na jefa ya kusa...

EULALIA: Ba ta! Miƙa mata, maza! Alo? Alo?