Abin da Ya Tsare Kofur Barau a Ɗaki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka; dagatai da masu unguwanni na ƙasar Gaya da Ajingi; malamanmu da limamanmu, Allah ya gafarta muku; malaman asibiti da unguwarzoma; 'yan mazan jiya, tsofaffinku da kuka je yaƙin Bama a zamanin Turawa da samarinku da kuka dawo daga yaƙin basasa shekara biyar ke nan; iyayenmu mata da ke zaune can ƙarƙashin rumfa; jama'a manya da ƙanana, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana ranar buɗe wannan ɗaki a harabar asibitin Gaya, inda tsohon soja da iyalinsa za su zauna a saurare su. Ina godiya ga mutanen Gafasa da suka buga tubalin ginin, da mutanen Toranke da suka kawo azara a kan jakuna. Ina kuma godiya da aka ce ni Inuwa, ma'aikacin jin daɗin jama'a, in tashi in bayyana muku irin aikin da za a riƙa yi a cikinsa.

An sha tambayata, mene ne aikin nan naka? Ba ka yin allura, ba ka ɗaure karaya, kullum kana kan keke daga wannan ƙauye zuwa wancan. Wani dattijo a kasuwar Ajingi ma cewa ya yi, "Malam, kai dai gwamnati ta ɗauke ka ne ka riƙa gaida mutane." Na yi dariya, amma ban musa masa ba. Maimakon doguwar amsa, zan ba ku labarin mutum ɗaya, wanda shi da matarsa suka ba ni izinin in faɗa. Akwai kuskurena a ciki, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Barau mutumin Toranke ne. Shekarar da yaƙi ya tashi ya shiga soja, shi da amininsa Gwadabe, wanda ƙofar gidansu ke kallon ta su Barau. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi karatun allo, tare suka hau motar da ta kai su Kano. Bayan shekara uku Barau ya dawo da igiyar kofur a hannu, ƙafarsa ta hagu kuwa an yanke ta daga ƙasan gwiwa. Gwadabe bai dawo ba. Takarda ce ta zo, layi uku, aka karanta wa mahaifiyarsa Dada a zauren mai unguwa.

Da aka ba ni sunan Barau, na yi abin da aka koya mini. Na cika takardu, na yi ta sintiri tsakanin nan da Kano, har aka auna shi aka yi masa ƙafar katako mai maɗauri na fata. Ranar da na kai masa, na ɗaura masa da hannuna, ya taka sau uku a tsakar gida, ya ce, "Madalla, Malam." Na hau kekena ina jin daɗi, na rubuta a rahotona cewa an gama da Kofur Barau.

Jama'a, wata takwas ban sake leƙa shi ba.

Ran da na koma, na yi ta sallama a zaure shiru. Can sai matarsa Kellu ta zo bayan ƙyaure, muka gaisa. Ta ce in shiga, ɗakinsa ne na farko. Na shiga, sai wari ya tare ni. Dungun ƙafar ya ruɓe ya zama gyambo, mutumin ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ƙafar katakon nan da na sha wahala a kanta tana rataye a azara, an sargafa mata igiyar busasshiyar kuɓewa.

Raina ya ɓaci, na shiga faɗa. Na ce, Kofur, ɗakin shan magani yana nan kusa, me ya hana ka zuwa? Ka san mutum nawa ke jiran irin wannan ƙafa? Ya kalli bango ya ce, "To a kai musu, Malam." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Zan fita, sai Kellu ta tsai da ni daga bayan ƙyauren nan. Ta ce, "Malam, ba ƙafa ce ta hana shi fita ba. Da sanduna ma yana zagaya gidan nan. Tun da ya dawo, shekara biyu, bai taka ƙofar gida da rana ba. Ran da kuka kai shi Kano ta ƙofar baya ya fita. Ni nake noma, ni nake ɗebo ruwa, ni nake amsa gaisuwar mutane ina ce musu yana barci. Na gaji da ƙarya, Malam. Iyayena sun aiko sau biyu in koma gida, in aka yi na uku ban san abin da zan ce ba."

Na ce, me yake tsoro a ƙofar gidan? Ta ce, "Ni mace ce, ba ya gaya mini. Amma idan ya ji muryar Dada tana kiran awakinta, sai ya toshe kunne."

A nan na gane mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara guda ina aiki a kan mutumin nan, ban taɓa yi wa matarsa tambaya ko ɗaya ba.

Daga ranar na sake hanya. Kowace Laraba nakan je tare da malamin asibiti, shi ya wanke gyambo ya tafi, ni in zauna. Ban ƙara yin zancen ƙafa ba. Mu yi hirar gero, mu yi hirar farin da ya fara matso mu a shekarun nan, wani lokaci zama kawai za mu yi har a kira la'asar. Sai a zuwa na bakwai ya buɗe baki. Ya ce, "Malam, ni na ja Gwadabe. Shi noma yake so. Ni na yi ta zuga shi, na ce ko shi ba namiji ba ne. Shi kaɗai ne namiji a wurin uwarsa. Da wane ido zan kalle ta? Kuma tun da na dawo ba ta aiko ta tambaye ni komai ba. Wanda bai tambaye ka ba, ai ya riga ya yanke maka hukunci."

To, a nan ƙarfina ya ƙare. Ni namiji ne, baƙo, ba zan shiga ɗakin tsohuwa in tono mata ciki ba. Sai na je wurin Talatu unguwarzoma, wadda ta karɓi haihuwar rabin yaran Toranke, na roƙe ta. Ta ce ba aikinta ba ne, amma za ta gwada. Sau uku tana zuwa, tana taya Dada ɓarar gyaɗa, ba ta tayar mata da zancen ba. A na huɗu Dada ta yi magana.

Ku saurara da kyau, iyayenmu mata, ku za ku fi kowa gane wannan. Gwadabe ɗan fari ne. Dada ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa nuna kulawa da shi a gaban mutane ba, kamar yadda aka tarbiyyantar da ita. Ta ce da Talatu, "Ta yaya zan aika in tambayi labarin ɗan fari? A ce tsohuwa ta rasa kunya? Amma na ji ana cewa a can idan soja ya faɗi, a nan ake barinsa, ungulu su ci. Shekara huɗu in na ga ungulu a kan mahauta sai abinci ya gagare ni. Mutum ɗaya ne ya san gaskiya, ga ƙofarsa ina gani, ya ƙi fitowa. Na ce a raina, abin da ya gani ne ba ya faɗuwa."

Kun ji. Taku goma sha biyar tsakanin gida da gida. Shi yana can ciwo na cinsa, yana zaton tsine masa take yi. Ita tana nan tana ƙonewa, tana zaton shirunsa shi ne amsarta.

Da na kai masa wannan magana bai yarda ba, sai da Talatu ta zo da kanta ta rantse masa. Ran wata Alhamis da hantsi ya ce da Kellu ta sauko masa da ƙafar. Ba ta ɗauru ba saboda gyambon, sai ya ɗauki sandunansa. Muka fito ta ƙofar gida, mutanen da ke gindin dalbejiya suka miƙe tsaye. Muka shiga gidan Dada. Tana zaune a kan tabarma ta juya mana gefe. Barau ya zube a ƙasa ya gaishe ta, ta amsa.

Sannan ya ce, "Inna, a hannuna ya cika. Da azahar ne, a gindin wata itaciya. Ya yi kalmar shahada, na ji da kunnena."

Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "An rufe shi?"

Ya ce, "Ni na haƙa, Inna, ni da mutum biyu. Ɗayan ma ba Musulmi ba ne, amma shi ya fi mu haƙa. Ba ruwan da zai isa wanka, muka yi masa taimama. Ba likkafani, na naɗe shi da bargona. Wani Bazazzagi da ya yi karatu ya ja mu salla. Na duba rana na daidaita masa gabas, na kwantar da shi a kan damansa."

Ta ce, "Ya sha ruwa?"

Ya ce, "Ya sha. Na gorata na ba shi."

Sai ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta faɗa sau uku. Sannan ta ja mayafi ta rufe fuska, Talatu ta matsa ta riƙe ta.

Barau ya ce, "Inna, ni na ja shi. Ki yafe mini."

Ta buɗe fuska, karo na farko ta dube shi sosai. Ta ce, "Kai ka ja shi? Yaron nan tun yana rarrafe ban taɓa iya jan sa inda ba ya so ba, sai kai? Ƙasar can ce ta kira shi. Abin da zan yafe maka shi ne shekara biyun da ka bar ni ina jira, kuma na yafe. Yanzu tashi ka je a duba maka ƙafar nan, tun daga zaure nake jin warinta."

Ba zan ce muku daga ranar komai ya warware ba. Sai da aka kwantar da shi wata uku a Kano, aka ƙara yanke wani abu daga dungun, aka sake masa wata ƙafar. Har yau in maharba suka buga bindiga yakan firgita, kuma akwai ranakun da ba ya son magana da kowa. Amma yana fita, yana noma gonarsa, ya haɗa da ta Dada, Kellu kuma tana ɗakinta.

Saboda haka ina da roƙo a gare ku.

Na farko ga dagatai da masu unguwanni: ku ne kuka san gidan da aka daina ganin maigidansa a masallaci. Kada ku jira sai ciwo ya ci ƙarfinsa. Ku aiko mana. Akwai wani saje a yankin Ajingi da labarinsa bai iso ni ba sai ran sadakar uku, kuma har gobe abin yana damuna.

Na biyu ga 'yan mazan jiya: kun nuna jarunta a inda muka kasa zuwa, ba wanda zai ce muku raggaye don kun faɗi abin da ke ranku. Ku zo da matanku, domin su ma sun yi nasu yaƙin a tsakar gida, ba wanda ya ba su lambar yabo.

Na uku shi ne mafi nauyi, kuma ga iyaye nake yin sa. Ni kaɗai ne a wannan aiki daga Gaya har Gafasa, ga keke ɗaya, ga ƙauyuka ba iyaka, kuma rabin kowane gida a rufe yake gare ni. Ba don Talatu ba, da yanzu wani labarin nake ba ku. Muna bukatar samari masu haƙurin zama, kuma muna bukatar 'ya'ya mata da suka yi karatu, a horar da su, su shiga inda namiji ba ya shiga. Na san abin da wasunku ke cewa a zuci. Ina roƙonku dai, idan aka zo neman 'yarku don wannan aiki, kafin ku ce a'a ku tuna da tsohuwar da ta kasa cin abinci shekara huɗu don ba wanda ya zauna kusa da ita.

Dada ta rasu bara da kaka. Kwana biyu kafin cikawarta ta kira limamin unguwa ta bar wasiyya ɗaya. Ta ce wanda ya haƙa kabarin ɗan, shi zai haƙa na uwar. Ina maƙabartar a ranar. Samari suka so su karɓi gatarin haƙa daga hannun Barau, ya ce su bari. Ya kwance ƙafar katakon ya ajiye a gefe, ya durƙusa a kan gwiwarsa, ya haƙa har ya gama.

Allah ya jiƙan Dada, ya jiƙan Gwadabe, ya jiƙan duk waɗanda suka kwanta a wancan yaƙi, na wannan ɓangare da na wancan, waɗanda aka san kabarinsu da waɗanda ba a sani ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa matan da suka riƙe gidaje da alheri. Allah ya ba mu damina mai albarka, kada ya sake nuna mana ranar da za mu raka 'ya'yanmu tasha muna kuka. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.