Yadda Gwadabe Ya Ƙara wa Tafki Zurfi

A mashigin kogin Haɗejiya, tsoho Gwadabe masunci yana jiran jirgin fito tare da wani baƙo mai gajeren wando.

"Samari, ka ga dinyoyin can da suka rufe sama? Ni na bar musu gida."

"Kai, Baba? Ta yaya?"

"Bara Bature mai awo ya zo zai datse tafkinmu na wajen Baturiya, a janye ruwan a shuka shinkafa. Alhali nan kifi ke zuba ƙwai, nan dinya ke ƙyanƙyasa. Ya ce a samo dogon mutum ya shiga, a ga zurfinsa. To, duk ƙasar nan wa ya kai ni tsawo? Ni da dorina ta kife wa jirgi ban mutu ba! Ruwan nan iyakarsa cibiyata. Ina shiga sai na durƙusa, na dinga tafiya da gwiwa, ruwa har haɓa, ina ihu a cece ni. Bature ya ce wannan ba ya datsuwa, ya hau dokinsa."

Baƙon ya daɗe yana kallon tsuntsayen.

"Baba, ni ne tafintan sabon mai awon. Gobe tafkinku za mu."

Gwadabe ya waiwayo ya dube shi.

"Shi ma dogon mutum zai nema," in ji baƙon. "Sai dai ya fi na bara ido. Kafin ka fito, don Allah ka wanke taɓon gwiwarka."