Ɗigon Man da Tonton Zinsou Ya Zuba

Mai girma shugaban wannan ƙungiya tamu ta masu ƙananan motocin tsere da ake tuƙawa da rimot, Papa Ahouansou. Mai girma mai unguwa, wanda ya ba mu aron wannan fili na bakin teku, yake kuma haƙuri da ƙararmu kowace Lahadi. Baƙinmu na Lome, waɗanda muka kayar, amma zumunci ya sa suka dawo Kwatano cin abincinmu. Iyayenmu mata da suka soya kifin nan da ayabar nan. 'Yan'uwana 'yan acaɓa, da kanikawa, da teloli, da ma'aikatan ofis, da duk wanda hayaƙin man nan ya taɓa sa shi hawaye amma bai daina zuwa ba: barkanku da yamma.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama. Sunana Sedjro, kun san ni, ni ne wanda motarsa ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba, ba ta kuma taɓa zuwa ta ƙarshe ba. Karatuna bai yi nisa ba, don haka ba zan kawo muku manyan kalmomi ba. Abin da idona ya gani shi zan faɗa.

A gaban shugaba akwai kofin da muka ci, akwai motar Dada Afiavi da ta ciwo mana shi, akwai kuma takardar da Fofo Hounkpe ya rubuta. Takardar tana neman a kori Tonton Zinsou daga ƙungiya, a hana shi taka wannan fili, saboda a safiyar gasarmu da Lome ya zuba baƙin mai a kulocin motar Dada Afiavi, ya kashe mata sabon inji. An ce hassada ce. An ce karo na farko ke nan da ya samu shiga zagayen ƙarshe, sai ya so ya kawar da wadda za ta sha gabansa. An ce Allah ya kama shi, tasa motar ma ta ƙi tashi. Ban zargi Fofo Hounkpe ba, domin bayan an gama gasar Tonton da bakinsa ya ce, “Ni na kashe injin,” ya ɗauki jakarsa ya tafi gida. Wanda ya ji wannan kaɗai, dole ransa ya ɓaci. Amma ni ina wurin tun kafin rana ta fito sosai, kuma magana ba a nan ta fara ba, ba a nan ta ƙare ba.

Abu na farko shi ne yadda man ya shiga.

Kun san tsohon injin Dada Afiavi yashi ne ya cinye shi, kamar yadda yake cinye na kowa a bakin tekun nan. Ta yi odar wani, ta jira har muka fara yi mata tsiya, muna cewa jirgin ruwan da ya ɗauko shi da ƙafa yake tahowa. Da ya iso, ba irin na da ba ne. Ya zauna a kan motar daidai, amma sandarsa ta ɗan bambanta, sai ƙoƙon kulocin yake gogar abin da ke bayansa. Da safen nan ta tayar da shi, yana wani kuka siriri mai shiga haƙori.

Tonton Zinsou yana zaune a kan benci, ya karkata kai, ya saurara. Ya ce, “'Yata, wannan kukan ƙishirwa ne.”

Ta ce, “Tonton, kai da kunnenka na babur! Ka bar min mota ta yi kukanta, sabuwar amarya ce.”

Ya ce, “Amaryar da ke irin wannan kuka, ba a ba ta abinci ba ne.”

Ta yi dariya, ta kashe injin, ta tafi bakin ƙofa wurin Maman Sena sayen koko. Shi kuwa ya kasa zama. Ya tashi, ya zagaya teburin gyara, ya koma, ya sake tashi. Daga ƙarshe ya ciro 'yar butar mansa daga aljihu, ya ɗiga a cikin ƙoƙon, ya juya shi da yatsa, ya ji ya yi laushi, ya yi murmushi irin na uban da ya lulluɓe ɗansa da bargo.

Jama'a, ku dubi mutumin nan. Tun kafin a haife ni yake gyaran babur. Kulocin babur a cikin mai yake kwana, a cikin mai yake tashi, idan ya bushe ya ƙone. Hannun da ya shekara da shekaru yana ceton kuloci da mai, yaya za a yi ya ji kuloci yana kuka ya hana shi? Bai san cewa na waɗannan 'yan motoci busasshe ne ba, cewa ƙananan takalmansa sai sun ciji ƙoƙon kafin taya ta juya, kuma ɗigo ɗaya ya isa ya hana su cizo. Tasa motar da kulocinta a haɗe ya saye ta, bai taɓa yi masa kuka ba, bai taɓa buɗe shi ba. Ni da nake tsaye ina kallo, ɗan acaɓa ne, gyaɗa kai na yi, na ce a raina, tsoho ya san aiki. A cikin wannan taro, duk ɗan acaɓa mai rigar ɗorawa da ya tabbata shi ba zai gyaɗa kai ba, ya ɗaga hannu in gani. To, ban ga hannu ba.

Abu na biyu shi ne abin da ya biyo baya, kuma shi ne ba ku sani ba.

Dada Afiavi ta dawo, ta ajiye kokonta, ta tayar da injin. Kukan ya tafi. Tonton ya dube ni ya kashe min ido. Ta sa motar a kan layi, ta matsa mata wuta. Injin ya yi ihu, motar tana rarrafe. Ta ƙara matsawa, ta ɗauka sanyin safiya ne. Injin ya haura sama, ya haura, babu nauyin da zai riƙe shi, ga shi sabo, bai gama horuwa ba. Sai muka ji ƙas! Shiru. Har ƙarar teku sai da muka ji.

Ta ɗauki motar, ta taɓa ƙoƙon, ta dubi yatsanta. Baƙi. Ta ce, “Wane ɗan banzan ne ya sa min mai?”

Babu wanda ya gan shi sai ni, kuma da ya yi shiru, wataƙila da na yi shiru. Amma mutumin nan ya cire hularsa, ya tako har gabanta, dattijo mai furfura a gaban wadda ya isa ya haifa, ya ce, “Ɗan banzan ga shi a gabanki. Ni ne.”

Hawaye ya zo mata. Ta ce, “Tonton, me na yi maka?”

Ya ce, “Ba ki yi min komai ba. Gyara na zo yi. Zauna ki sha kokonki kada ya huce.”

Sai ya jawo tasa motar, ya ɗauki sukundireba.

A nan ina roƙonku ku tuna da injin Tonton Zinsou. Dukanmu mun san sabon inji ba a sakinsa da gudu, sai an hore shi a hankali, tanki bayan tanki, da mai wadatacce, a bar shi ya yi zafi, a bar shi ya huce. Dukanmu mun sani, amma wa yake da haƙurin? Ni nawa kwana kaɗan na ba shi na ce ya isa. Shi kuwa damina guda ya yi yana horon nasa. Muna tsere, yana gefe yana tafiyar da motarsa kamar mai raka tsohuwa kasuwa. Muna ce masa, “Tonton, jana'iza ce?” Yana cewa, “Ku dai je ku dawo.” Idan ya gama, ya nannaɗe shi da tsohuwar safa don kada iskar gishiri ta taɓa shi. Da damina ta wuce, babu injin da ke tashi da ja ɗaya a filin nan sai nasa, babu mai zama lafiya idan an ɗaga masa ƙafa sai nasa. Da shi ya samu shiga zagayen ƙarshe, bayan duk dariyar da muka yi masa. Ranar har sabuwar riga ya ɗinka.

Wannan injin ne na ga ya kwance da hannunsa.

Dada Afiavi ta riƙe masa hannu, ta ce, “Wallahi ba zan karɓa ba. Yau ranarka ce.”

Ya ce, “Ranata da waɗannan idanun? Ni idan motar ta kai kwanar can ta wajen bishiyar kwakwa, addu'a nake yi, ba tuƙi ba. Mutanen Lome ba da wasa suka zo ba. Ke ce hannu, ni inji kawai gare ni. Sake ni, yarinya, rana tana yi.”

Na gani da idona ya ɗora injinsa a kan motarta. Na gani da idona haƙoran giyar suka ƙi haɗuwa, ya aike ni wurin Maman Sena na karɓo gwangwanin madara, ya yanka zobe siriri da almakashin Dada Afiavi, ya goge bakinsa da samfefa, ya sa a bayan ƙoƙon, suka haɗu. Na gani da idona ya yagi takardar da aka naɗe burodi, ya zura tsakanin haƙoran don ya bar musu sarari daidai, ya ɗaure, ya zare takardar. Kafin ya ɗaure na ƙarshe ya tsaya, ya ɗaga ƙoƙon ya ce mata, “Wannan fa, ko ya yi kuka har gobe?”

Ta ce, “Ko ya kira sunanka, Tonton, kada ka ba shi.”

Ya ciro butar man, ya miƙa min, ya ce, “Riƙe min wannan, ban yarda da hannuna ba.”

Ga ta nan, har yau tana wurina.

Da kuka fara isowa, motarsa tana cikin jaka, babu inji. Ya ce muku ta ƙi tashi. Ya tsaya a bakin layi da sabuwar rigarsa, yana kallon injinsa yana wuce motocin Lome ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin laka, babu wanda ya gane shi, kowa ya ɗauka aron inji Dada Afiavi ta yi. Ni kaɗai na ga leɓensa yana motsi duk lokacin da motar ta shiga kwana, yana cewa, “A hankali, ɗana, a hankali.”

Abu na uku gajere ne. Za ku ce, me ya sa bai faɗa ba, me ya sa Dada Afiavi ba ta faɗa ba? Shi ya sa mu yi alkawari. Ya ce ɓarnar tasa ce, zai faɗe ta da bakinsa, amma injin biyan ɓarna ne, kuma mutum ba ya tsayawa a gaban jama'a yana neman tafi don ya gyara abin da ya ɓata. Mun riƙe alkawarin har muka ga takardar kora. Tonton, ka daina hararata. Na karya alkawarin, kuma gobe zan zo gareji in durƙusa. Gara ka yi fushi da ni kana cikinmu, da in cika alkawari kana waje.

Saboda haka, ya shugaba, ya jama'a, roƙona shi ne kada a kore shi. Idan ƙungiya tana son hukunci, a ɗora masa horon duk sabon injin da ya shigo filin nan, domin babu wanda ya kai shi. A kuma rubuta da manyan baƙaƙe a jikin teburin gyara cewa ba a ba kuloci mai, saboda sauranmu masu kunnen babur. Idan kuwa an nace sai ya tafi, to, adalci shi ne ya tafi da kayansa. A kwance injin daga motar da ke gaban shugaba, a miƙa wa baƙinmu na Lome kofinsu tun da ga su a zaune, ba sai sun biya kuɗin mota sau biyu ba.

Na ga Fofo Hounkpe ya miƙa hannu ya janye takardarsa, yana ninke ta. Fofo, Allah ya ƙara maka girma, kishin ƙungiya ne ya sa ka rubuta, shi ne kuma ya sa ka ninke.

Allah ya albarkaci wannan taro. Allah ya ba shugabanninmu lafiya, ya saka wa mai unguwa da alheri, ya mayar da baƙinmu gida lafiya. Allah ya tsare 'yan'uwanmu da ke kan babur daga sharrin hanya, ya tsare injunanmu daga yashi, ya ba mu irin haƙurin da ke horon inji damina guda, da irin zuciyar da ke iya kwance shi a safiya ɗaya.

Wanda ke shakkar maganata, ba ni kaɗai na gani ba. Ga Maman Sena can wajen tukunya, har yanzu tana cigiyar gwangwaninta. Ga Baba Tchabi mai gadi, shi ya riƙe mana motar ana ɗaurewa. Ga Dada Afiavi, ta rufe fuska da gyale tun da na fara magana. Shugaba kuma, idan ka juya motar da ke gabanka, ka kankare lakar da farce, a gefen injin za ka ga zaren jar safa da ya maƙale.

Na gode.