Tsirkiya Ɗaya, Amma Tsohuwa

A shagon kayan kiɗa, wani tela ya ajiye tsinkakkiyar tsirkiya a kan tebur.

"Malam, irin wannan nake nema. Guda ɗaya, amma tsohuwa."

"Tsohuwa kuma?" in ji mai shago. "Sababbi muke sayarwa."

"Ka taimaka. Jitar yayana ce, da ita yake neman abinci. Ina cikin goge ta wannan ta tsinke, gobe kuma za a sallamo shi daga asibiti."

"Sabuwa cikin tsofaffi biyar? Amonta zai fita daban."

"Ba zai lura ba. Ba ya gani."

Mai shago ya girgiza kai.

"Ɗan'uwa, mai ido ake ruɗa. Shi kam bugu ɗaya zai yi ya kira sunanka. Gara ka riga jitar faɗa masa."