Shayi da Ƙanƙara a Ƙofar Asibiti

A bencin wani ɗan asibiti a Sabon Gari, inda ake duba lafiyar masu neman aikin masaƙa, Zailani yana kurɓar shayi mai tururi. Na gefensa kuwa ƙanƙara yake tsotsa yana rawar sanyi.

"Malam, kai da ke karkarwa, me ya haɗa ka da ƙanƙara?" in ji Zailani.

"Amaechi sunana. Da zazzaɓi na kwana. Ka san ma'aunin zafin da suke sa wa mutum a baki? Mai lafiya casa'in da takwas ne da 'yan kai. In ya taɓa ɗari, aiki ya tafi. Ga matata da tsohon ciki. Kai fa? Shayin nan zai saɓule maka harshe."

"Ni ɗarin nake nema. Bappana ne ya tilasta mini neman aikin. Gyaran rediyo nake koyo a Samaru, me zai kai ni masaƙar Chikaji?"

Amaechi ya tuntsire da dariya. "Sha, ɗan'uwa, sha! In ƙaro maka kofi?"

Sai nas ta leƙo tana yarfa ma'aunin. "Kowa ya cire riga. Tunda kun koyi wayo, yanzu a hammata muke sawa. Amaechi!"

Ƙanƙarar ta faɗo daga bakin Amaechi. Zailani ya dube shi, ya ajiye kofi, ya miƙe.

"Ga ni, sista!" Sannan ya sunkuya ya raɗa wa Amaechi, "In ta kira Zailani, kai ne. Kar ka kuskura ka warke."