Turaku a Lambun Babanmu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Talatu daga Beli ta Rogo.

A bajekolin kayan lambu na bana, albasar Babanmu ce ta zo ta ɗaya. Masu shirin noma na talabijin suka biyo shi har lambu, suka tambaye shi sirrin. Cikin murna ya ce, "Fadamar nan ba ta ƙafewa ko da rani." Aka nuna wa duniya.

Ba a jima ba wasu mutane suka zo a mota mai baƙin gilashi. Ɗayansu ya ce, "Baba, kana da takardar wurin nan?" Ya ce, "Gadon kakana ne." Suka yi dariya, suka tafi.

Jiya da safe muka tarar an kafa jajayen turaku har tsakiyar albasa. Baba ya je wurin mai unguwa, ya ce bai san komai ba, amma ya ƙi haɗa ido da shi. Baba ko tuwo ya kasa ci.

Jama'a, ku ba mu shawara. Mu tuge turakun, ko wa za mu kai wa kuka kafin su dawo?